Fari Goma Sha Ɗaya

A Bergen ruwan sama ba ya sallama.
Ya kwana yana zuba, ya wayi gari yana zuba,
ni kuma na hau bene na uku da bokiti biyu,
tsani a kafaɗa, gwiwata na kuka kamar tsohon ƙyaure.

Borghild ce ta buɗe mini, shekararta saba'in da tara,
'yarta Tuva na bayanta
da katunan launi a baje kamar mai rabon karta.
Wannan sunansa Gashin Tunkiya, in ji ta,
wannan Ɓawon Ƙwai, wannan Yashin Gaɓa,
na ƙarshen nan Hazon Asuba.
Tsohuwa ta ɗora tabarau, ta duba, ta sauke.
Ni dai fari nake gani, ta ce,
fari har goma sha ɗaya.

Ba ta yi ƙarya ba. Amma ni na san halin kowanne,
shekara talatin ina gauraya fari da fari.
Akwai wanda aka ɗiga wa ruwan ɗorawa
don ya riƙe ɗumi in rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu.
Akwai mai ɗigon toka, sanyinsa kamar bayan cokali,
shafa shi a ɗakin da ke kallon arewa,
mai ɗakin zai nemi rigar sanyi bai san dalili ba.

Falon kore ne shar, irin na da.
Mijinta ya shafa da hannunsa shekarar da suka tare,
har gashin burushinsa uku sun maƙale a kusurwa.
Tuva ta ce launi mai hayaniya yana gajiyar da ido,
ɗaki ya kamata ya yi shiru
har mutum ya ji numfashin kansa.
Ban musa ba. Na sha ganin gidajen da suka huce
bayan an sauke musu ja da shuɗi,
kamar mai zazzaɓi da gumi ya karyo masa.

Kwana huɗu na yi.
Shafin farko, koren yana leƙowa.
Na biyu, ya yi nisa kamar ganye a ƙarƙashin ƙanƙara.
Na uku, ya tafi.

Sai kaya suka iso:
labulen lilin mai launin alkama,
darduma ruwan ƙasa,
kujera kalar shayin da madara ta yi wa yawa,
teburin katako da ba a shafa masa komai ba.
Ɗan hasken da taga ke samu da rana
ya shigo, ya sami wurin zama, ya ƙi tafiya.
Borghild ta tsaya tsakiyar falo da sandarta,
ta juya a hankali.
Ya yi faɗi, ta ce. Ya yi kyau.
Sai dai ban san inda zan ajiye idona ba.

Abin da Tuva ba ta sani ba,
ran farko, da ta sauka biyan kuɗin ajiye mota,
tsohuwa ta kama hannun rigata,
ta nuna agogon bango da haɓa.
Bar mini nan, ta ce, bayansa kawai,
faɗin tafin hannu ya isa.
Na zagaye wurin da tef, na wuce shi sau uku.

Yanzu agogon ya koma kan ƙusarsa,
Ɓawon Ƙwai ya kewaye shi ta ko'ina.
Irin mai makulli ne, sai an sauke shi ran Lahadi
a murɗa masa ƙarfin mako.

Na wanke burushi a famfon kicin,
ruwan ya yi fari, ya yi tsarki-tsarki, ya washe.
A waje ana ta zubawa.
Na sauko da tsanina, bene uku,
bokitin sun yi sauƙi.