Tikiti Uku

Ranar Talata saƙon ya shigo,
ina bakin ruwa, na kwance injin jirgin Mairiga,
hannu duk baƙin mai:
"Yaya, mun kai wasan ƙarshe na kwalejoji.
Asabar, Birnin Kebbi, ƙarfe huɗu."
Na buɗe baki in yi kabbara,
notin da na riƙe da haƙori ya faɗa kogi.

Sun ce tikiti sai ta waya.
Na nufi rumfar Nafi'u mai cirar kuɗi,
muka danna, abu ya yi ta juyawa
kamar akuya a turke.
Kuɗi sun fita, tikiti bai zo ba.
Nafi'u ya ce, "Sabis ne, ka yi haƙuri."
Na ce haƙuri ba ya buɗe ƙofar filin wasa.
Sai bayan la'asar waya ta yi tsuwa:
kujera uku, ɓangaren da rana ke duka,
don na inuwa ya fi ƙarfin aljihun bakanike.

Ɗaya nawa.
Ɗaya na Lawwali, da ya yi alkawarin ganga da maƙogwaro.
Na ukun na sa aka buga a takarda,
na ninke shi huɗu.

Da dare na yi lissafi a bayan kwalin fulogi:
Yauri zuwa Koko, Koko zuwa Jega,
Jega mu karya hagu, Kalgo, sai Birni.
Ɗan'ige direba ya ce da asuba zai tashi, in ta cika.
"In ta cika" ta sha cinye tafiyar mutane,
don haka na biya gaba, kujera biyu, tun yanzu.
Na soke tsiren Jega.
Luba za ta ƙunsa mana bandar kifi da yaji.
Kwana kuwa shagon ɗan gwaggo a Badariya,
tabarma ɗaya, sauro kyauta.

Saura Baba.
Ƙwallo uku ya farke da wuƙar gyaran kifi
tun Sahabi bai kai tsawon filafili ba.
Har yau in an yi zancen yakan ce,
"Ni raga nika jefawa in ci abinci,
shi raga shika tsaro kar komi ya shiga.
Wane irin sana'a ke nan?"

Ban ce masa uffan ba.
Na tura takardar ƙarƙashin rediyonsa.
Laraba tana nan, ƙura ta hau gefenta.
Alhamis babu ita.
Yau Juma'a na dawo na tarar
da shuɗiyar rigarsa a igiya tana ɗiga,
hularsa kife bisa kwano tana shan rana.
Bai dube ni ba, yana ɗinkin taru, ya ce,
"In mutum ya zamna can bisa,
shina gane fuska?"
Na ce yana ganewa, Baba.
Mai tsaron gida rigarsa daban ce.

Abin da ban faɗa ba:
Sahabi ya kira jiya, murya ƙasa-ƙasa,
wuyan hannunsa ya kumbura wajen atisaye,
koci bai yanke ba tukuna.
Mai yiwuwa mu keta Koko da Jega
mu kalli yaronmu zaune a benci
da ƙanƙara a hannu.

Na saita waya ƙarfe huɗu.
Kifi na cikin leda, tikiti na aljihun gaba,
na taɓa su sau bakwai.
Ta bayan katanga ina jin tarin Baba,
da rediyonsa, an rage murya,
yana murɗawa a hankali,
ya wuce wa'azi, ya wuce farashin hatsi,
ya tsaya inda ake labarin wasanni.