I Ko A'a

Daga ma'aikata aka aiko da takardar,
tambaya goma sha biyu, kowacce da gurbi biyu:
i, ko a'a.
Na soke biro a ɗankwali, na bi ta Ƙofar Durɓi,
na isa gidan gajiyayyu da hantsi.

Baba Mato na fara samu, yana murɗa rediyon da ba batir.
Na ce, Baba, ka taɓa ganin abin da ya firgita ka?
Ya ce, kuɗin gero.
Muka yi dariya. Na sa a'a.
Sai salansar wani babur ta fashe a bakin titi.
Kafin in ɗago kai, dattijo na ƙarƙashin gado
yana kiran wani kofur
da suka baro a bakin kogi
tun ba a yaye uwata ba.

Gwaggo Tabawa na ɓoye tuwo a matashi.
Masu shara sun ce ƙazanta ce, wasu sun ce rowa.
Ta ce mini, ke ba ki ga shekarar
da muka tone gidan tururuwa muna neman tsaba ba.

Inna Tsahara ba ta kwana sai ƙofa na buɗe.
Daga wani ƙauyen Batsari aka kawo ta,
zane ɗaya, carbi ɗaya, takalmi wari guda.
Na ce, kina mugun mafarki?
Ta ce, mafarki ai sai wanda ya yi barci.
Na ce, ƴaƴanki nawa?
Ta miƙe yatsu biyar,
ta lanƙwashe huɗu,
ta damƙe su da ɗaya hannun
kamar kada wani ya sake ƙwace su.

Na duba takarda sama da ƙasa.
Ba gurbin wannan.

Sai na juya bayanta, inda ba layi, na rubuta:
Kada a buga ƙofar Mato, a yi sallama a hankali.
A bar wa Tabawa tuwonta, a dai canza shi kullum.
Fitilar Tsahara kada a kashe.

Na tashi zan tafi, ta kama bakin mayafina.
Ta ce, tun ɗazu hannunki ke rawa, yarinya.
Ke wa ya tambaye ki?

La'asar ta yi, ana kiran salla a unguwa.
Na koma kan tabarmar na zauna.