Kogin da Ba Ya Shayar da Kowa

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi a gefen Riyo Tinto,
ban taɓa taka burki don in dube shi ba.
Me zan duba?
Ja ne wur, kamar ruwan da aka wanke wuƙar fawa,
ba kifi, ba kwaɗo,
akuya ma in ta sansana sai ta juya.
Kakata Eulaliya takan ce,
"Anselmo, kogin nan gawa ce mai tafiya."

Sai ga su bana, a tsakiyar bazara,
su ashirin da uku, kowa da harshen uwarsa,
malafa a ka, safar roba a hannu.
Aka ba ni su mako biyu: in kai su, in komo da su.
Sun ce asalin rai suka zo nema.
Na ce a raina, kun ɓata hanya,
nan ma'adinai muka tona har ƙasa ta gaji,
ba abin da ya rage sai tsatsa da tsofaffi.

Suna durƙusawa a bakin ruwa kamar masu gaisuwar mutuwa,
suna ɗiba a kwalabe ƙanana, ƙasa da ɗan yatsana,
suna rubuta lamba a jiki.
Nahuwel, ɗan ƙasar Chile, ya zame,
wandonsa ya rine har gwiwa,
ya tashi yana dariya, wai ya taka duniyar Mas.

Da dare a shagon Remediyos gardama ke kaurewa.
Wannan ya ce a ƙasan teku aka fara, inda dutse ke huci.
Waccan ta ce a'a, kududdufi ne, ya cika ya ƙafe, ya cika ya ƙafe.
Wani siriri ya nuna sama da cokali:
dutse ne ya faɗo da guzurin a cikinsa.
Suka juya ga malamarsu, Solbe, mai furfura,
ta tauna zaitun, ta ajiye ƙwallon a faranti,
ta ce, "Ba mu sani ba tukuna."
Ban taɓa jin mai ilimi ya faɗi haka
fuskarsa a sake ba.

Ran Alhamis na shiga ɗakin bincikensu karɓar makulli.
Hye-rin ta matsa gefe, ta ce in sa ido a madubin.
Da farko hazo.
Ta murɗa wani abu kaɗan.
Sai ga su birjik,
'yan sanduna, 'yan ɗigo, suna motsi,
suna ta harkar gabansu a cikin ɗigon guba.
Na ce, me suke ci?
Ta ce, ƙarfe.

Na daɗe ban ɗago ba.
Ubana Kasimiro ma ƙurar ramin nan ya sha,
shekara ashirin da shida,
ita ta cinye masa ƙirji, tari ya kai shi kushewa.
Abin da ya kashe mana maza
ashe abincin wasu ne tun kafin a sa wa garin suna.

Ran Lahadi na sauke su a tashar Sebiya,
akwatuna, runguma, alkawarin wasiƙa.
Motar ta zama fayau,
sai jar laka a ƙarƙashin kujeru.

A hanyar komowa, wajen tsohuwar gadar jirgin ƙasa,
na taka burki.
Na sauka, gwiwa na ƙara, na tsuguna.
Ruwan na nan yadda na san shi, ja, shiru, yana warin ƙusa.
Ban san yadda ake gaida maƙwabcin
da aka shekara hamsin ba a kula shi ba.

Na cire hula dai.

Kaka, ba gawa ba ce.
Gida ne, mu ne ba mu yi sallama ba.