Ta Ɗari da Hamsin da Ɗaya

Ƙarfe biyu na dare a Garwa.
An ɗauke wuta, fanka ta yi tsit,
daga ni sai kwamfuta da ragowar caji.
A gabana sunayen masuntan Lagdo,
ɗari huɗu da goma sha biyu.
Hamajoda ne ya kawo su a littafi mai ƙarni,
ya ce, "Zuba mana su a rumbun nan naku na gajimare,
ranar Laraba masu ba da rance za su duba."

Na rubuta umarni yadda hannu ya saba:
ɗauki suna, kai rumbu, dawo,
ɗauki suna, kai rumbu, dawo.
Jatau ya shiga. Kande mai banda ta shiga.
Barau ya shiga da komarsa biyu.
Ina ƙirge ina hamma.

A kan ta ɗari da hamsin da ɗaya ƙofa ta rufe.
Jan rubutu ya fito: ka wuce iyaka.
Na ce ba laifi, na gaba ai sun samu wuri.
Na leƙa rumbu. Wayam.
Har Jatau da ya yi sammako an koro shi.
Ashe rumbun ba ya karɓar rabin aiki,
ko duka ko babu.

A kan wa aka rufe? Na haska littafi:
Talatuwa, kwalekwale ɗaya, shi ma yana yoyo.
Saura kaɗan in ji haushinta,
baiwar Allah da ke barci ba ta san hawa ba,
ba ta san sauka ba.

Rumbun nan na haya ne.
Dubban da ban sani ba suna sawu a ƙofa ɗaya,
in aka bar ni ina zarya, su yaushe za su wuce?

Sai Kawu Tanimu ya faɗo mini a rai,
mai fito a Binuwai tun ina ɗauke da allo.
Ko ka yi kuka ba ya tashi da mutum ɗaya.
"Zauna jirgi ya cika.
Sawu ke cin ƙarfin hannu, yaro."
Amma in ruwa ya kai layin da ya zana da kwalta,
ko ɗan akuya ba ya ƙarawa.

Na goge zaryar.
Na tara su a jeri guda, kowa da kayansa,
na duba nauyi, bai kai layin kwalta ba.
Na tura.

Sawu ɗaya.
Ɗari huɗu da goma sha biyu, cif,
Talatuwa a tsakiya kamar ba a yi ba.

Caji saura huɗu.
Ladanin Fumbare yana gyaran murya.
Na kai hannu in murje ido,
na ji ƙarnin tarwaɗa a yatsuna.