Gwaiba a Bakin Taga

A wani shago a Bradford
na sayi gwaiba biyu, kuɗin tiyar gero a garinmu.
Na ci ɗaya. Ɗayar na fasa,
na tsince 'ya'yan da farce,
na jiƙa su kwana biyu a kofin shayi.

Robar yogot na huda da wuƙa.
Ƙasar ma ta saye ce, a leda.
Sati biyar shiru.
Ɗanlami ya ce, "Barmani,
roba kawai kike shayarwa."
Sai ran wata Laraba ga kunne biyu,
kore shar, ƙanana kamar na ɗan ɓera.

Rana a nan baƙuwa ce,
ta leƙo, ba ta tsayawa shan ruwa.
Na matsar da shukar kusa da abin ɗumama ɗaki,
ƙanƙara na hararar ta ta gilashi.

Daren da cikin Uwani ya ɓaci
na ba itacen haƙuri, na tsinki ganye huɗu,
na tafasa yadda Inna ke yi.
Tururin ya cika kicin
har na jiyo kurciyar bayan gidanmu na Zariya.

Bana, shekara ta huɗu, fure ɗaya, fari.
Ƙudan zuma ba ya hawa bene na uku.
Na naɗa auduga a tsinke,
na yi masa aikinsa.

Yanzu ga 'yar gwaiba, ba ta kai goro ba.
Ɗanlami, mai dariyar nan,
shi ke fara duba ta da asuba,
yana lissafin yadda za a yanka ta uku.