Kalmar da Ta Kwana a Gidanmu

Barira ta dawo daga lakwal da wata kalma a baki,
tana juya ta kamar mai neman tsakuwa cikin loma.
"Inna, obanait."
Na ce, wa ya rasu?
Ta yi dariya har littafi ya suɓuce mata.
"Ingilishi ne. Mushe Sha'aibu ya ce
abin da aka yi cikin dare, ko abin da ya kwana,
tun faɗuwar rana har wayewar gari."

Na ce, ashe da ni ake.
Shekara goma sha bakwai ina yin ta ban san sunanta ba.
Ga shi can cikin roba, rufe da faifai,
ƙullun masa.
Na jiƙa shinkafa da hantsi, na kai niƙa bayan magariba,
na sa yis, na ce masa sai da safe.
Ba ya barci, ni ma rabi nake yi.
Ƙarfe uku nakan ɗaga faifan in leƙa,
in ji yana numfashi, yana tsaki ƙasa-ƙasa
kamar tsoho mai mita.

Amma ki gaya wa mushenku Bature ya yi rowa.
Dare guda cur, ya ƙulle shi a kalma ɗaya
kamar gishirin dala biyar?
Ina ya kai almuru, sa'ad da kaji ke neman akurki?
Ina lisha? Ina lokacin da sawu ke ɗaukewa a Bagalam?
Ina talatainin dare, da kare ma ke tsoron haushin kansa?
Ina assalatu,
da motocin Ɗan Isa ke tari a tasha,
direbobi na laluben kofin shayi ido a rufe?
Kowanne da irin sanyinsa.
Wanda ya yi kwanan zaune ya san ba uwarsu ɗaya ba.

Ta ce, "Akwai ma'ana ta biyu.
In abu ya auku farat ɗaya, ba zato ba tsammani,
shi ma haka ake cewa."

Na ce, wannan kam zance ne.
Ko ƙwai sai kaza ta yi masa mako uku.
Masu cewa dare ɗaya Allah kan yi Bature
ba su taɓa jiran ƙullu ba.
Na buɗe baki in ƙara,
sai maganar ta tsaya mini a wuya.

Na tuna kakata Tsahara
da ta ce sun kwanta da garinsu can ƙasa, bakin Gulbi,
suka farka ruwa na yawo da turmi da akushi.
Na tuna shekarar da aka rufe iyaka:
da lisha Alhaji Nomau na da mota biyar cike da albasa,
kafin mako sai wari da ƙuda.
Na tuna babanki.
Ya ci tuwo, ya wanke hannu,
ya ce in tashe shi da asuba, zai je Jiratawa ɗaukar zogale.
Na tashe shi.
Na daɗe ina tashinsa.

Barira ta rufe littafin a hankali.
Wani babur ya wuce, hayaniyarsa ta bi lungu ta ɓace.

Na ce, buɗe, rubuta abinki,
mushenku bai yi ƙarya ba, duka biyun haka suke.
Miƙo mini tanda tukuna, in shafe ta tun yanzu.

Ta miƙe ta ɗauko ta daga saman rumfa,
ko ɗage ba ta yi ba.
Jiya-jiya nake goye da ita a bakin wannan murhu,
tana cizon ɗankwalina, hayaƙi na sa ta atishawa.
Gobe maƙwabta za su riƙe haɓa
su ce yarinyar nan dare ɗaya ta girma.

Su faɗa.
Ni na san sau nawa na tashi ƙarfe uku
na ɗaga faifan.