Kujeru Biyu a Sharaɗa

Kujeru biyu ne a ɗakin, tsayinsu ɗaya.
Teburin na tura shi jikin bango tun bara,
don na gaji da mutum ya riƙa yi mini magana
kamar mai roƙon sa hannu a ofis.

Ran Talata Tasi'u ya shigo,
ya tuɓe takalmi, ya nufi ƙasa.
Na ce, kujerar taka ce.
Ya ɗosana a bakinta kamar ta aro.

Shekara sha tara a kamfanin jima,
hannu cikin ruwan da ke cinye gashin fata.
Ruwan ya ci gashin, ya zarce kan tafinsa,
har na'urar banki ta daina gane yatsansa.
Wata Juma'a aka liƙa takarda a get,
sunansa ne na arba'in da biyu.
Ba kuɗin sallama, ba ko sannu.

Barci ya yi masa ƙaura.
Asibiti ta ba shi ƙwaya, fara da ruwan ɗorawa.
Yayansa ya ce haƙuri.
Surukinsa ya ce haƙuri.
Mai shayin Ja'en da ke binsa bashin wata uku,
shi ma haƙurin ya zuba masa a kofi,
har kalmar ta zame masa tsakuwa a takalmi.

Ya gama, ya jira in faɗa.
Na ga kafaɗarsa ta shirya ɗauka.
Ban faɗa ba.
Na ce, kamar ina jin fushi a ƙarƙashin maganarka.
Ya daɗe yana kallon fankar da ba ta juyi,
sannan ya ce, a hankali,
"Ashe an yarda in yi fushi?"

Abin da aka koya mini ke nan:
kada ki ja akala, kada ki ɗora mutum a sikeli,
mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Amma da magariba, a cunkoson Ɗan'agundi,
gwiwata matse a bayan Adaidaita,
tambaya ta zauna kusa da ni ba ta biya kuɗin mota ba:
in mai ɗaki ya san yoyonsa,
alhali wani ne ya kwashe kwanon rufin fa?
Ko dai ni man zafi ce
da ake shafa wa jaki ya koma ɗaukar kaya?
In Tasi'u ya yi barci,
mai kamfani ma ya samu barci.

Sau ɗaya na ƙetare littafina.
Na rubuta lambar wata lauya a guntuwar takarda,
na bar ta kan teburin can jikin bango.
Ban nuna ba. Bai tambaya ba.
Da ya fita, babu ita.

Sati na shida ya zo da leda cike da takardu.
Ya ce, "Na je gidan Lawandi, na arba'in da uku.
Na zauna kawai. Ban ce masa haƙuri ba.
Ya yi magana tun azahar har aka kira la'asar."
Yanzu su sha huɗu ne,
a rumfar mai faci, kan tsofaffin tayoyi,
ɗaya na faɗa, sauran na ji,
waɗanda yatsansu ba ya dangwaluwa suna koyon sa hannu.

Har yau ba a biya su ba.
Barcin ma rabi ya dawo.
Amma jiya ya jingina da kujerar sosai,
ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya,
ya dube ni ido cikin ido:
"Ke kuma, Malama Uwani,
an ce wata biyar ba a ba ku albashi ba.
Wa yake sauraronki?"

Na buɗe baki.
Wallahi saura kaɗan in ce, sai haƙuri.